Wakilin Babbar Jarida a Jiha ko Ɗakin Labaran Rediyon Gida: Wanne Matashin Ɗan Jarida Zai Kama?

Matashin da ya gama karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya yi hidimar ƙasa, ya ɗan taɓa aiki nan da can, yawanci ƙofa biyu ce ke buɗe masa a Arewa. Ko dai wata babbar jarida mai hedikwata a Abuja ko Legas ta ce tana neman wakili a Gusau, ko Katsina, ko Damaturu, wanda zai riƙa aiko mata labari da ɗumi-ɗuminsa, ko kuma wani gidan rediyo mai zaman kansa a garinsu ya ce ya zo ya shiga ɗakin labarai. Duka biyun aikin jarida ake kiransu, amma kowanne da irin rayuwarsa, kuma wanda ya shiga ɗaya da tunanin ɗayan yakan sha wahalar da da ya kauce mata.

Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu. Wanda nauyin iyali bai hau kansa ba tukuna, kuma Turancinsa na rubutu ya tsaya da ƙafarsa, ina ganin ya karɓi wakilcin jaridar, amma da sharaɗin ya san waye zai tsaya masa ranar da abu ya ɓaci. In babu wannan, rediyo ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Abu na farko da ya kamata ka sani game da wakilcin jiha shi ne, kai kaɗai ne ofishin. Jaridu irin su Daily Trust da Punch da Vanguard da Leadership da ThisDay sukan ajiye ofis mai 'yan ma'aikata a manyan garuruwa kamar Kano da Kaduna, amma a yawancin jihohi mutum ɗaya ne ke ɗauke da komai. Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, Borno 27, Neja 25, Zamfara 14. Duk abin da ya faru a cikinsu, daga harin 'yan bindiga zuwa zaman majalisar dokoki, daga shari'a a babbar kotu zuwa tashin farashin masara a kasuwa, wuyanka ya rataya. A da, wakili yana da yini guda. In ya aika labarinsa kafin a rufe shafi da dare, ya sauke nauyi. Tun da jaridun intanet irin su Premium Times, wadda ta fara a 2011, suka koya wa masu karatu samun labari nan take, manyan jaridun takarda ma suka mayar da shafukansu na intanet fagen tsere. Yanzu babu lokacin rufewa, duk minti lokacin aikawa ne.

Ga yadda safiyar irin wannan aiki take. Kafin kiran assalatu waya ta yi ƙara. Wani malamin makaranta ne daga ƙauyen da ka taɓa zuwa, muryarsa na rawa, yana cewa sun shigo cikin dare, sun tafi da mutane, har yanzu ana neman wasu a daji. Ka tambaye shi mutum nawa, ya ce suna da yawa. Ka kira kansila, wayarsa a kashe. Ka kira kakakin 'yan sanda, tana ta ringin ba a ɗauka, daga baya ya turo saƙo cewa zai bincika ya waiwaye ka. Kana cikin haka editanka ya turo maka hoton shafin wata jaridar da ta riga ta buga labarin, har da adadi, ya rubuta a ƙasa: ina namu? Ka hau babur zuwa sashen gaggawa na babban asibitin garin, ka tarar da wata dattijuwa zaune a bakin baranda, zanenta duk jini, tana riƙe da takalmin ɗanta ƙafa ɗaya. Ita ce za ta gaya maka sunayen mutum huɗu da ta gani da idonta. A tsaye a nan, da babban yatsa a kan waya, batir ya kusa mutuwa, za ka rubuta sakin layi biyar da za a karanta a Abuja da Legas da Landan kafin ka karya kumallo.

Adadin nan shi ne jarrabawar mai wannan aiki, kuma a nan jarida ta fi koyar da mutum. Lokacin da aka sace ɗalibai mata a Jangebe ta jihar Zamfara ranar 26 ga Fabrairun 2021, adadin da 'yan sanda suka fara bayarwa 317 ne, amma da aka sako su, 279 gwamnatin jihar ta ƙirga. A Kuriga ta jihar Kaduna, cikin Maris na 2024, an fara da 287, aka ƙare da 137. A Chibok ma, a 2014, rundunar soji ta fara sanar da cewa an kuɓutar da mafi yawan 'yan matan, daga baya ta janye maganar. Wakilin da ya ga irin wannan sau biyu ko uku ba zai sake rubuta adadi tsirara ba. Zai ce wane ne ya faɗa, a ina yake tsaye lokacin da ya faɗa, ganau ne ko jiyau. Edita nagari ba ya barin labari ya wuce sai ya tambaye ka majiya ta biyu. Kuma rubutu ba ya gogewa. Kuskuren da ka yi yau yana nan a intanet da sunanka a kansa bayan shekara goma, wannan tsoron kansa malami ne. Na ce edita nagari, domin ba kowace babbar jarida ke da shi a kan teburin labaran jihohi ba. Akwai wanda abin da ya dame shi kawai kada a riga shi.

A gidan rediyo saurin yana nan, amma yana da linzami. Akwai labaran safe, da na rana, da na dare, kowanne da lokacinsa, sai in babban abu ya faru a katse shiri. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Akwai mai zuwa kotu, akwai mai zuwa majalisa, akwai edita a kujerar da ke kusa da taka wanda zai saurari muryar da ka naɗo ya ce yanke nan, bar nan. Matashi yana koyon aiki da kallo, kamar yaron maƙeri da ke zuga zugazugi yana kallon hannun maigidansa. Wakilin jiha ba shi da wanda zai kalla. Editansa murya ce a waya, wataƙila sai ya shekara bai gan shi ido da ido ba, kuma da yawa daga abin da zai koya daga tsofaffin wakilan wasu jaridu zai tsinta, a sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida, da mai kyau da marar kyau.

Sai batun wa kake yi wa aikin. Wannan ne ke sa wasu su bar jarida su koma rediyo ko da albashin bai kai ba. Labarin da ka rubuta da Turanci game da wani ƙauye a Maru ko Batsari, mutanen ƙauyen ba za su taɓa ganinsa ba. Masu karanta shi su ne minista, da sanata, da jami'in ofishin jakadanci, da ma'aikacin ƙungiyar agaji. Hakan ba ƙaramin abu ba ne: irin wannan labari ne ke sa a tayar da magana a zauren Majalisar Dattawa, ko a tilasta wa hukuma ta fito ta amsa, kamar yadda aka gani bayan jirgin soji marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin Disamban 2023. Akwai jaridun Hausa kamar Aminiya ta kamfanin Media Trust, da Leadership Hausa, waɗanda suka gaji hanyar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta share tun 1939, amma har yau rediyo ne ke shiga ɗakin tsohuwa, da rumfar mai shayi, da gona. Tun da dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, kuma Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, mutane suka gane cewa tasha wurin kai kuka ce. Mace za ta zo bakin get da takardar asibiti a hannu, ko 'yan unguwa su zo kan taransifoma da ta yi wata uku a lalace, a sa muryarsu da dare, washegari a ga ma'aikata sun zo. Mai aikin rediyo yana ganin amfanin aikinsa da idonsa, wani lokaci cikin kwana ɗaya. Wakilin jarida yakan aika labari ya ji shiru, bai san ko ya motsa wani ba.

Maganar kuɗi ba ta da daɗin ji a ɓangarorin biyu, kuma gara ka ji ta kafin ka shiga. Girman sunan jarida ba ya nufin girman albashi, ba ya ma nufin albashin zai zo a kan kari. Akwai gidajen da ke biya wata-wata har da kuɗin zirga-zirga, akwai kuma waɗanda katin shaida kawai za su miƙa maka, su ce ka nemo talla daga gwamnatin jiha a ba ka kamasho. Wannan na biyun tarko ne. Ba zai yiwu ka je wa kwamishina da roƙon tallan taya gwamna murnar cika shekara a ofis da safe, da yamma kuma ka rubuta cewa an kashe mutane a mahaifarsa jami'an tsaro ba su zo ba. Ɗaya sai ya cinye ɗaya, kuma kowa ya san wanda ke cinyewa. Daga nan ne 'yar ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai, wadda ake kira kuɗin mota, take tashi daga na goro ta zama abincin gidan mutum. Labari da ɗumi-ɗuminsa kuwa yana cin kuɗi: man babur ko na mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, da data, da katin kiran majiyoyi goma kan labari guda. In kamfani bai ɗauki wannan ba, wakili zai daina fita, ya zauna yana jiran sanarwar da kakakin gwamnati zai turo ta WhatsApp, ya sauya mata kanu ya aika. Aikin ya mutu ke nan, ko da sunansa na fitowa a jarida kullum.

Rediyo ma ba tudun mun tsira ba ne. Albashin ƙananan tashoshi sau da yawa bai taka kara ya karya ba, kuma tasha tana rayuwa ne da sayar da lokaci. A Kano kowa ya san yadda 'yan siyasa da sojojin bakinsu ke sayen fili da dare. Mai tashar, ko ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa, yana kusa da kai, motarsa na ajiye a harabar, kuma in labari ya taɓa abokinsa ba sai ya rubuto takarda ba, leƙowa kawai zai yi. Sai dai kana gida: ba ka biyan hayar ɗaki a baƙon gari, akwai motar tasha ko babur ɗinta, kuma murya mai kyau tana kawo 'yan ayyuka na halal a gefe, kamar ɗaukar talla, da fassara, da jagorancin taro.

Yanzu ga abin da na ce shi ne sharaɗi, wato haɗari da wanda zai tsaya maka. Mai neman labari da ɗumi-ɗuminsa yana nufar inda kowa ke gudu. Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a bakin aiki aka harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da ya je ɗauko labarin hare-haren da Boko Haram ta kai birnin a wannan Juma'ar. Kafin shi, a Oktoban 2011, an kashe Zakariya Isa na NTA a Maiduguri. A Afrilun 2012 aka kai harin bam ofishin ThisDay a Abuja da wani gini na ofisoshin jaridu a Kaduna. Haɗarin kuma ba daga 'yan bindiga kaɗai yake zuwa ba. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda wani labari kan shirin farmakin soji a yankin Baga, suka tafi da editan shiyya Uthman Abubakar da wakili Ibrahim Sawab. Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya: ƙasa ta ɗauka, ƙungiyoyin kare 'yan jarida na gida da waje suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta umarci sojojin su janye, aka kuma sako mutanen. Wannan ita ce inuwar babbar jarida. Tana da lauyoyi, tana da shafin farko, kuma taɓa ɗan aikinta yana da tsada. Amma inuwar tana rufe wanda kamfani ya yarda nasa ne. Mai katin shaida kawai, wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki, ana iya cewa ba a san da tafiyarsa ba.

Gidan rediyo kuwa yana da wuyan da jarida ba ta da shi, wato lasisi. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin na iya jan kunne, ko ta dakatar da tasha, kamar yadda ta yi wa Wazobia FM ta Kano a 2013 bayan wani shiri kan rigakafin shan inna. A 2022 ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan wani shiri game da 'yan bindiga, ko da yake a 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Gusau saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. Saboda haka shugaban tasha yakan yi taka-tsantsan fiye da editan jarida, kuma akwai labaran da za ka naɗo da guminka a ce a ajiye. Sannan muryarka sananniya ce. Wakilin jarida zai iya shiga kasuwa ya sayi tumatir ba wanda ya gane shi, amma mai karanta labaran dare da ya yi sallama za a waigo. Wanda ka ɓata wa ya san unguwarku, ya san gidan surukanka. Shi kuma mai rubutu a intanet nasa takobin shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida, ko da yake an yi masa gyara a 2024.

Akwai wani nauyi da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna game da matasan da ake turawa jihohi su kaɗai. Mutumin da ya tsaya a bakin kabarin bai-ɗaya a Majiya ta Jigawa bayan fashewar tankar mai a Oktoban 2024, ko ya bi ruwa har ƙirji a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban shekarar, ba ya barin abin da ya gani a can. Yana biyo shi gida. Mai aikin rediyo zai koma ofis ya tarar da abokan aiki, a yi salla tare, a ci abinci a kwano ɗaya, a yi maganar har ta ɗan saki. Wakilin jiha ɗakin haya zai koma, ya sa waya a caji, ya jira kira na gaba. In an yi rashin sa'a aka katse layukan waya, kamar yadda aka yi a Borno a 2013 da Zamfara a Satumban 2021, sai ya bi hanyar da ake tare mutane zuwa inda akwai sabis kafin ya iya aika ko layi ɗaya. Duk wanda zai karɓi wannan aiki ya tabbata yana da mutane a garin, ko 'yan'uwa, ko majalisar da yake zama, waɗanda ba ruwansu da labarai.

Ga 'yan'uwa mata, ba na cewa wakilcin jiha ya fi ƙarfinku, domin akwai matan da suka riƙe shi da kyau, kuma mace tana shiga cikin gida ta ji daga bakin matan da namiji ba zai ko ga fuskarsu ba. Sai dai fitar dare da tafiyar ba-zata suna bukatar a yi magana da gida tun farko, a fahimci juna, kada a bari sai ranar da waya ta yi ƙara ƙarfe uku na dare.

Ina kowace hanya ke kaiwa? Shekara uku ko huɗu na wakilci mai kyau suna barin tarin labarai masu ɗauke da sunanka, waɗanda kowa zai iya nema ya gani. Da su ake samun ƙarin girma zuwa hedikwata, ko shiga sashen binciken ƙwaƙwaf, ko neman lambar yabo irin ta Wole Soyinka, ko aika wa kamfanonin dillancin labarai na waje rahoto. Littafin lambobin wayar da ka tara, daga mai gadin ɗakin ajiye gawa zuwa hakimi, jari ne da ba mai ƙwace maka. Rediyo kuma shi ne tsanin sassan Hausa na ƙetare, irin su BBC da ta fara Hausa a 1957, da DW, da RFI, da TRT Afrika. Guraben nan kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma yadda gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka a 2025 ya nuna su ma ba su da tabbas. Wanda Hausarsa ta nuna, muryarsa ta zauna, amma yana fama da rubutun Turanci, kada ya wahalar da kansa da gasar rubuta labari cikin minti goma da harshen da ke yi masa nauyi. Rediyo ne gidansa, kuma ba ƙasƙanci a cikin hakan.

In ka zaɓi jaridar, kafin ka sa hannu ka nemi ganin editan da zai riƙa karɓar labaranka, ba jami'in ɗaukar ma'aikata kaɗai ba. Ka tambaye shi ko albashi ne ko kamasho, kuma a rubuta. Ka tambaye shi wa ke biyan mai da data. Ka tambaye shi in ka ce hanyar wani gari ba ta biyuwa yau, maganarka ce za ta tsaya ko tasa, kuma in aka kama ka ko ka ji rauni, lambar wa iyalinka za su kira. Sannan ka nemi wanda ya riƙe kujerar kafin kai, ka ji dalilin tashinsa daga bakinsa. In amsoshin suka zo a dunƙule, ana ce maka ai za a duba, ka gode masa ka koma ka karɓi aikin rediyon. Daga can ma kana iya aika wa jaridu rahoto ɗaiɗai ana biyanka a kan kowanne, muddin ka nemi izinin shugaban tasharku tun farko.